Na San Kalmomin Turanci, Me Ya Sa Jimlata Ba Ta Tsayawa?

Wani matashi mai shagon POS da cajin waya a wajen Tashar Dukku, nan cikin Gombe, ya aiko mini da tambaya. Ya ce sau biyu yana zana WAEC Turanci na kayar da shi, alhali yana karanta labarai a waya yana fahimta, kuma tun yana aji uku ya haddace jadawalin lokuta goma sha biyun nan da ake rubuta wa ɗalibai a allo. Ya haɗo da wani saƙo da ya tura wa kwastomansa, wanda ya ce an yi ta yi masa dariya a kai: "I am having your receipt since yesterday, why you did not came?" Yana so a nuna masa inda laifin yake, da kuma yadda zai gyara.

To ɗana, na karanta saƙon naka sau biyu. Kalma goma sha biyu ce a ciki, babu wadda ba ka san ma'anarta ba, babu kuma wadda ka ɓata rubutunta. Ke nan ba ƙarancin kalmomi ke damunka ba, kada wani ya sa ka sayi ƙamus ka zauna hadda. Kuskure huɗu ne a jimlar. Uku daga cikinsu Hausa ce tsantsa aka sa mata rigar Turanci, na huɗun kuma tsarabar jadawalin nan ce da ka haddace. Abin da zuciyarka ta faɗa shi ne: ina da rasidinka tun jiya, me ya sa ba ka zo ba? Wannan jimla ce lafiyayya. Ka ɗauko ta ne ka sauya mata kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ka bar ƙashin bayanta yadda yake.

Na shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da Turanci a sakandare, kuma da zan koma farko, da Hausa zan fara kowane darasi. Abin da ya yaudare mu shi ne harsunan biyu sun yi kama daga nesa. Duka suna fara jimla da mai aiki, sai aikin, sai wanda aikin ya faɗa wa: Audu ya sayi babur, "Audu bought a motorcycle". Sai yaro ya ɗauka ai hanya ɗaya ce har gida. A kan aikatau suke rabuwa, kuma a nan zan fi daɗewa.

Dubi kalmar "zo". Na zo, zan zo, nakan zo, in zo. Ita ba ta motsa ba. 'Yar ƙaramar kalmar da ke gabanta ce ke ɗauke da kaya: ita ke faɗin wane ne, ita ke faɗin ko an gama ko za a yi. Malaman nahawun Hausa suna kiranta zagin aikatau, kuma sunan ya dace, don kamar zagin sarki take, kullum tana gaban doki. Turanci kuwa, idan jimla ta tafi kai tsaye, a jikin aikatau ɗin yake rataya kayan: "come", "comes", "came". Shi ya sa ba ya bukatar zagi bayan suna. Mu dole mu ce "Babana ya zo", ba a cewa "Babana zo". Su kuma "My father came" kawai. Duk ɗalibin da ya rubuta mini "My father he came" na san "ya" ɗin nan ce ta biyo shi har cikin aji.

Amma ga abin da ba a cika faɗa wa yara ba: Turanci ma yana da zagi, sai dai ba kullum yake fitowa ba. Su ne "do", "does", "did", "will", "can", "must", "have", "is" da 'yan uwansu. Da zarar ɗayansu ya fito, shi ke karɓe kayan, aikatau ya koma fayau kamar "zo" ɗinmu. "He came", amma "He did not come". "She goes", amma "Does she go?" Ka ga "s" ɗin ta tashi daga "goes" ta koma kan "does". Kaya ɗaya ne, mutum ɗaya ke ɗauka, kuma na gaba ne. Lokacin da ka rubuta "did not came" ka ɗora wa mutum biyu buhu ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da na ce ba daga Hausa yake ba. Da ka bi Hausarka ma da ka tsira, don a "ba ka zo ba" ai ba ka taɓa jikin "zo" ba. Tsoron kada a ce ba ka sa shuɗaɗɗen lokaci ba ne ya sa ka sa shi sau biyu.

Kowane zagi kuma yana da irin abin da yake yarda ya biyo shi. Bayan "did", "do", "will", "can", "should", "must", aikatau tsirara yake zuwa, ba ƙari. Bayan "have", "has", "had", sai siga ta uku, irin su "gone", "eaten", "written", "sent". Bayan "am", "is", "are", "was", "were", ko dai mai "-ing" idan kai ke aikin, ko siga ta uku idan a kanka aikin ya faɗa. Iyakarta ke nan. Jadawalin gida goma sha biyun da ka sha wahalar haddacewa daga waɗannan 'yan dokoki aka ƙera shi. Hasali ma masana da yawa sun ce lokaci biyu kawai Turanci ke da shi a jikin aikatau, na yanzu da wanda ya wuce, sauran duk aikin zagi ne. Abin da ya cancanci hadda shi ne aikatau masu taurin kai da ba sa karɓar "-ed", kimanin ɗari biyu, kuma waɗanda za ka ci karo da su a shago ba su kai rabin haka ba: "send, sent, sent", "pay, paid, paid", "take, took, taken".

Yanzu mu zo kan "na". An koya mana cewa "na zo" shuɗaɗɗen lokaci ne, wato daidai da "I came". Wannan rabin gaskiya ce, kuma ta yi ɓarna. Faɗa mini, idan ka ce na sani, ko na gane, ko na gaji, ko na ƙoshi, ko na yarda, maganar jiya kake yi? A'a, halin da kake ciki yanzu ne. Turancinsu "I know", "I understand", "I am tired", "I am full", "I agree". Tambayar da Hausa ke yi wa aiki ita ce: ya kammala ko yana kan tafiya? Turanci kuma tambaya biyu yake yi: yaushe ne, kuma lokacin ya rufe ko har yanzu a buɗe yake? Saboda haka "na ci abinci" hanya biyu gare ta. Idan ka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, jiya, makon jiya, bara, 1996, awa ɗaya da ta wuce, to sai "I ate". Idan kuwa ba ka damu da yaushe ba, abin da kake nufi shi ne cikinka a cike yake yanzu, sai "I have eaten". Ba a haɗa "have eaten" da "yesterday", kamar yadda ba ka cewa "zan zo jiya". Amurkawa sun fi mutanen Ingila sassauci a wasu wurare, za ka ji sun ce "I already ate", amma su ma ba sa cewa "I have eaten yesterday".

A nan "tun" take shigowa, kuma ita ce ta kayar da kai a farkon saƙonka. Mu muna cewa ina Gombe tun 2019, da zagin lokaci mai ci, don har yanzu ina nan. Hankali ya ɗauka. Shi Bature yana ganin abin ya faro a baya ya iso yau, don haka ba ya yarda da "I am in Gombe since 2019", sai "I have been in Gombe since 2019". Duk inda ka ga "since" na nufin "tun", nemi "have" ko "has" ko "had" a kusa. Kuma "tun" ɗin ma sun raba ta biyu. Idan ranar farawa ka ambata, "since": "since Monday", "since Sallah", "since morning". Idan tsawon lokacin ka ƙirga, "for": "for three days", "for two years". Mai jiran mota a tashar Gombe Line yana iya cewa "I have been here since seven", ko "I have been here for two hours". Zaman ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta.

Sai "ina da". Wannan ita ce uwar "I am having". Yaro ya koyi cewa "ina" ita ce "I am ...ing": ina tafiya, "I am going". Da ya zo kan ina da mota, sai ya bi sawu. Matsalar ita ce Turanci ya ware wasu aikatau da yake ɗauka a matsayin hali, ba aikin da ake gani ana yi ba: mallaka, sani, so, ji, fahimta, yarda. Waɗannan a al'ada ba sa karɓar "-ing". "I have a car", "I know him", "I want water", "I understand English". Ina jin Turanci ba "I am hearing English" ba ne, ko da yake na ji shi a bakin masu digiri. Inda "having" ke halatta shi ne idan kalmar ta bar ma'anar mallaka ta koma wani aiki: "We are having lunch", wato muna cin abinci, "They are having a meeting", wato suna taro. Rasidi kuwa ba cinsa kake yi ba.

Akwai wani reshe na wannan da ya fi shi ɓuya. "Yana" a Hausa tana ɗaukar abin da ake yi yanzu, tana kuma ɗaukar sana'a da al'ada. Idan na ce kawuna yana sayar da masara a Tudun Hatsi, ba ina nufin a wannan minti yana awo ba, wataƙila ma yana gida yana barci. Turanci ya raba su: "He sells maize" sana'arsa ke nan, "He is selling maize" yanzu haka yana kan yi. Shi ya sa "What do you do?" tambayar sana'a ce, "What are you doing?" kuma tambayar abin da hannunka ke kai. Haka "nakan je": Turancinta "I go" ko "I usually go". "I use to go" da ake yawan faɗa babu ita. Wadda ke akwai ita ce "I used to go", kuma ma'anarta a da nakan je, yanzu na daina. Na taɓa ganin takardar neman aiki da mai ita ya rubuta "I used to pray five times daily". Bawan Allah yana son ya nuna riƙon addini, sai ya sanar da su ya bar salla.

Kuskurenka na ƙarshe shi ne jerin kalmomin tambaya. A Hausa ba ma juya komai. Ka zo. Ka zo? Murya ce ke tashi, ko mu ƙara "shin" ko "ko". Turanci kuwa sai zagi ya tsallako gaban mai aikin: "You can come" ta koma "Can you come?" Idan babu zagi a jimlar, sai a ɗauko hayar "do" ko "did": "You came" ta koma "Did you come?" Ko da akwai "why" ko "where" ko "when" a gaba, juyin nan na nan: "Why did you not come?" ko yadda aka fi faɗa, "Why didn't you come?" Ba tun asali Turanci yake haka ba. Shekara ɗari huɗu da suka wuce mutumin Landan yana iya cewa "I know not" ko "Came he?" ba wanda zai ɗaga ido. A hankali "do" ta mamaye wurin. Su ma harshensu tafiya yake yi.

Da ka ƙware a juyin, sai kuma ka koyi inda ba a yinsa. Idan tambayar ta shiga cikin wata jimla, komai na komawa mazauninsa. "Where is the bank?" amma "Tell me where the bank is". "What does he want?" amma "I don't know what he wants". Ɗalibai masu ƙoƙari su suka fi faɗawa wannan rami, don sun riga sun saba da juyawa.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni a kan amsa tambaya. Ina sabon malami aka tura mu wani taron bita na kwana uku. Ranar ƙarshe wata Baturiya da ke riƙe da takardar sunaye ta dube ni ta ce, "You haven't collected your allowance?" Ni kuwa ban karɓa ba, sai na ce "Yes", ina nufin e, gaskiyarki, ban karɓa ba. Ta ɗan yi jim, ta sa biro ta yi alama a gaban sunana, ta wuce na gaba. Sai da aka watse na gane an rubuta ni cikin waɗanda suka karɓa. Na sha zirga-zirga kafin kuɗin motar nan su fito. Mu idan aka ce ba ka ci ba? muna cewa e, ban ci ba, wato muna gaskata mai tambaya. Bature ba ruwansa da mai tambaya, abin da ya faru yake dubawa: in an yi "Yes", in ba a yi ba "No". Maganin abin shi ne kada ka tsaya a kalma ɗaya. Ka ce "No, I haven't", ko "Yes, I have". Tun ranar ban sake amsa irin wannan tambaya da kalma guda ba.

Wannan ya gama da saƙonka, amma tunda jarrabawa ce a gabanka, akwai wani babi da ya kai na lokuta muhimmanci, kuma ba ya cikin jadawali. Kowane aikatau na Turanci yana da abokan tafiyarsa. Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban littafin nahawun da suka fitar a 1985, sun nuna cewa jimlolin Turanci kan ƙira bakwai suke tafiya, kuma aikatau ne ke zaɓen ƙirar. Ba sai ka haddace bakwai ɗin ba. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, idan ka koyi sabon aikatau, ka koye shi da abin da ke biye da shi, kamar yadda ba ka sayen waya ka bar caja.

Ɗauki "mini". Mu da ita muke yin kusan komai: gaya mini, saya mini, aiko mini, bayyana mini. A Turanci "tell me", "buy me", "send me", "give me" duk daidai ne, amma "explain me" kuskure ne, sai "explain to me". Haka "suggest to me", "describe to me", "reply to me". Galibin masu ƙin nan kalmomi ne da suka shigo daga Faransanci da Latin bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, gajerun kalmomin gida kuma su ne masu sauƙin kai. Ba doka ce marar togiya ba, don "say" 'yar gida ce amma ita ma sai "say to me". Ta wani gefen kuma akwai waɗanda muke liƙa wa abin da ba su nema ba. Muna cewa tattauna a kan magana, sai mu rubuta "discuss about", alhali "discuss the matter" ne kawai. Ina so ka zo ita ce "I want you to come". Ya sa ni na jira kuwa "He made me wait", babu "to". "Enjoy", "avoid", "finish" da "-ing" suke tafiya, "want", "decide", "refuse" da "to". Babu wata hikima a ciki da zan sayar maka, sabo ne.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne aro. Ana yi wa 'yan Najeriya dariyar "borrow me your pen", kuma kuskure ne, "lend me" ake cewa. Amma dubi dalili. Hausa ba ta damu da raba mai bayarwa da mai karɓa da kalma daban ba: ara mini biro, na ari biro, saiwa ɗaya ce. Abin da ta damu da shi shi ne, abin da aka karɓa shi kansa za a mayar, ko madadinsa? Idan shi ne, aro. Idan madadinsa ne, kamar kuɗi ko hatsi, rance. Turanci bai san wannan bambanci ba sam, da biro da naira dubu goma duk "borrow" ne. Shi inda abin ya nufa yake kallo: daga hannunka ya fita, "lend", hannunka ya shigo, "borrow". Kowane harshe da inda ya ga dama ya ja layinsa.

Sharaɗi kuma wuri ne da Hausa za ta taimake ka fiye da kowane littafi, don mun riga mun raba "in" da "da". In ka zo zan ba ka, ƙofa a buɗe take: "If you come, I will give you". Da ka zo da na ba ka, an riga an rufe: "If you had come, I would have given you". Duk inda bakinka ya ce "da ... da" a kan abin da ya wuce, to "had" a farko, "would have" a baya. Tarkon da ke cikin na farkon shi ne muna cewa idan na zo, da "na" ɗin kammalawa, sai yaro ya rubuta "If I came I will call you", wani kuma ya rubuta "When I will come". Duka biyu ba su yi ba. Bayan "if" da "when" na abin da ke gaba, siga ta yanzu ake sawa: "When I come, I will call you".

"An" ma tana da nata. An haife ni a Kumo, an sace mini waya, an ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996. Ba mu faɗi wanda ya yi ba. Turanci ba shi da zagi irin wannan, sai ya ɗauko wanda abin ya faɗa wa ya sa shi a gaba: "I was born in Kumo", "My phone was stolen", "Gombe State was created in 1996". Kai da ke harkar POS kullum kana cikinta: an cire mini kuɗi, "I have been debited". "They have removed my money" za a gane, amma mai duba takarda zai tambayi su wa. Haka nan ragowar wakilin suna da muke bari a baya: yaron da na ba shi kuɗi. "Shi" ɗin nan ba ta tsallakawa, "the boy I gave money to" ne, ba "the boy that I gave him money" ba.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. "The" kusan ita ce "-n" da "-r" ɗinmu na abin da aka riga aka sani, motar, kuɗin, yaron. "A" kuma tana kusa da wani da wata, sai dai Turanci yana tilasta ta a inda mu ba ma sa komai: shi malami ne, "He is a teacher". Muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, su kuma "advice", "information", "equipment", "furniture", "luggage" ba sa karɓar "s" ko sun cika tirela. "A" ɗinmu guda ɗaya sun raba ta uku: "at" ga ƙarfe kaza da takamaiman wuri, "on" ga rana, "in" ga wata da shekara da gari, "at 8", "on Friday", "in March", "in Gombe". Ya fi ni tsawo ita ce "He is taller than me", kada a ƙara "more". Abu ɗaya da Hausa ta ba ka kyauta shi ne "he" da "she", don tun kana goye kake raba ya da ta. Ɗalibaina da suka tashi da Fulatanci, wanda ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, sun fi shan wahala a nan in Hausarsu ba ta nuna ba. Kai naka shi ne ka tuna mota da waya "it" ne, ko da mun ce ta lalace.

Za ka iya cewa, Malam, ai kowa a Najeriya haka yake magana. Da gaskiyarka, kuma ni ba na cikin masu raina Turancinmu. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow", wato jibi. Idan ka ce wa kwastoma "I am coming" alhali fita za ka yi, ya san ina zuwa kake nufi, ba wanda ya cutu. Sai dai ka lura kalmomi aka karɓa, ba "did not came" ba. Kuma mai duba takardar WAEC da tsarin da aka ba shi yake aiki. Insha'in da ake so ya kai kalma 450 maki 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar nahawu da rubutu. A wannan goma ta ƙarshe rabin maki ake cirewa kan kowane kuskure, ke nan kuskure ashirin sun cinye ta. Jimlarka guda ta kwashi kuskure huɗu, wato maki biyu. Lissafa da kanka inda za ka kai kafin sakin layi na uku. Ga shi kuma irin waɗannan kurakurai suna jan makin sarrafa harshe ƙasa, wanda shi ne kaso mafi tsoka.

Abin da zan sa ka yi ba shi da tsada. Sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, ka raba kowane shafi biyu. A hagu ka rubuta maganganun da kake yi a shago da Hausa, yadda suke fita daga bakinka, a dama ka sa Turancinsu, ka ja layi ƙarƙashin zagi a kowane ɓangare. Ƙira ɗaya a mako, kada ka yi haɗama. Makon farko na "tun" ne: babu netwok tun safe, "The network has been down since morning". Ina jiransa tun ƙarfe goma, "I have been waiting for him since ten". Mako na biyu na "did" ne, tambaya da korewa: "Did you get the alert?", "It didn't go through". Na uku na "an": za a mayar maka da kuɗinka, "Your money will be reversed", ko "You will be refunded". Jimla goma a kowace ƙira, ka karanta su da ƙarfi, don kunne ya fi ido saurin kama abin da ya karkace. Idan kana karanta labarai a waya kuma, ka riƙa tsayawa a jimla ɗaya kana tambayar kanka wane ne zagi a nan, me ya biyo shi. Minti biyar ya isa, tsakanin kwastoma da kwastoma.

Saƙon naka kuwa, gyararsa ita ce: "I have had your receipt since yesterday. Why didn't you come?" Kada "have had" ta ba ka tsoro, ta farkon zagi ce, ta biyun ita ce mallakar. In ta yi maka nauyi a baki, ka ce "Your receipt has been here since yesterday", wato rasidinka yana nan tun jiya, wanda ina zaton shi za ka faɗa da a gaban teburinka mutumin yake tsaye.